A Daina Zubar Da Zanen Gwaji A Kwandon Shara

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Na san mutane da yawa za su ɗauke shi ƙaramin abu, amma ni da na shafe shekaru ina koyar da zane-zane a makarantun sakandare, ina kuma zana bangon littattafai da hotunan cikinsu, na tabbata a kansa sana'ar take tsaye. Ina nufin zanen gwaji, wato ɗan zanen da mai zane yake fara yi da fensir ko gawayi a kan takarda, yana gogewa yana sakewa, kafin ya ɗauki burushi ya tunkari aikin da jama'a za su gani.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, a watan da ya wuce an gayyace ni baje kolin ayyukan ɗalibai a wata makaranta da ba zan ambaci sunanta ba. An share ɗakin tsaf, an rataye hotuna a bango cikin firam, iyaye suna ta yabawa. Na tsaya gaban hoton wata mata tana dama fura, na kira yaron da ya zana, na tambaye shi ina takardun da ya yi gwaji a kansu. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ai Malam ya ce a kwashe su a zubar, kada baƙi su ga ƙazanta." Na roƙe shi ya kai ni inda aka zubar. A bayan aji, kusa da ramin da ake ƙona shara, na tsinci wata takarda da aka yago daga littafin rubutu, yaron ya zana hannu riƙe da ludayi har sau bakwai a kanta. Na farko ya sandare kamar hannun itace, na uku yatsun sun yi tsawo, na biyar ya gano cewa babban yatsa yakan danne ludayin daga sama, sauran kuma su tallafe shi daga ƙasa, na bakwai kuwa sai ka ce za ka ji ƙarar ludayin a jikin ƙwarya. Ya ce mahaifiyarsa ya zauna yana kallo. Hannun da ke cikin hoton da aka rataye bai kai wannan na bakwai rai ba, domin da lokacin baje koli ya matso an ce su nemo hoto a waya su kwafa. Wato an ɗaukaka abin da yaron ya kwafa, an jefar da abin da idonsa ya gani, hannunsa ya koya.

Ya kamata malamai da iyaye da masu ba da aikin zane su fahimci cewa mai zane da fensirinsa yake tunani. Da wuya hoto ya zo wa mutum a kammale cikin ransa, ya zama abin da ya rage kawai shi ne ya juye shi a kan ƙyalle. Abin da yake zuwa da farko dishi-dishi ne, sai an sa shi a takarda ake gane inda ya karkace, da abin da ya yi yawa, da abin da babu. Takardar gwaji ba ta da tsada, gawayi ma haka, saboda haka a nan ne mai zane yake da damar yin kuskure sau goma ba tare da asara ba, alhali idan fenti ya hau bango ko babban ƙyalle, gyara ya zama aiki ja. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Domin kada a ce ra'ayin tsohon malami ne kawai, bari in kawo abin da manyan masu zane na duniya suka bari a baya, wanda har yau yana nan a gidajen adana kayan tarihi. Wanda na fi so in nuna wa ɗalibaina shi ne aikin Théodore Géricault, Bafaranshen da ya zana hoton mutanen da suka tsira daga hatsarin jirgin ruwa mai suna Méduse. A watan Yuli na 1816 jirgin ya kafe a kan tudun yashi a cikin teku daura da gaɓar Muritaniya yana kan hanyarsa ta zuwa Senegal, aka ɗora mutane kusan 150 a kan wani gadon katako da aka haɗa cikin gaggawa, aka bar su a teku, bayan kwana 13 aka tsamo 15 kacal da rai. Géricault bai ga abin da idonsa ba, don haka ya nemi biyu daga cikin waɗanda suka tsira ya ji daga bakinsu, ya sa aka ƙera masa ɗan ƙaramin samfurin gadon katakon, ya riƙa zuwa asibiti yana zana fuskokin masu jinya da gawarwaki domin ya san yadda fatar mutum take komawa idan rai ya kusa fita. Amma babban abin da zanen gwajinsa ya warware masa shi ne wane lokaci zai zaɓa daga cikin kwanakin nan 13, tunda hoto guda lokaci guda yake iya ɗauka. Ya gwada zana faɗan da ya ɓarke tsakanin mutanen, ya gwada zana lokacin da yunwa ta kai su ga abin da baki ba ya son faɗa, ya gwada zana sa'ar da ake tsamo su. Duk ya ajiye su gefe, ya zaɓi lokacin da suka hango jirgin ceto daga nesa, ba su san ko ya gan su ba. A zanen gwajinsa na farko-farko jirgin ceton babba ne, yana kusa, duk mai kallo ya san an tsira. Yana sake zane yana rage shi yana nisanta shi, har ya zama a hoton ƙarshe, wanda aka nuna a Faris a 1819, mai faɗin kusan mita 7, jirgin ɗan ɗigo ne a ƙarshen teku, sai ka ƙura ido za ka gan shi, ga kuma wani baƙar fata a saman tarin mutanen yana kaɗa ƙyalle. Duk fargabar da take kama mai kallon hoton nan a gidan tarihi na Louvre daga ƙanƙantar jirgin nan take fitowa, kuma a kan takardun gwaji aka gano cewa ƙanƙantarsa ta fi girmansa ƙarfi.

Haka labarin yake ga Pablo Picasso da hotonsa na Guernica. Ranar 26 ga Afrilu, 1937, jiragen yaƙin Jamus da na Italiya suka yi ruwan bama-bamai a kan wannan gari da ke arewacin Sifen, lokacin yaƙin basasar ƙasar. Picasso yana Faris, kuma ranar 1 ga Mayu ya fara zanen gwaji. Takardar farko, idan ka gan ta, za ka rantse yaro ne ya yi wasa da fensir, layuka ne 'yan kaɗan a birkice, amma tuni akwai bijimin sa, akwai doki, akwai mai miƙo fitila ta taga, kuma dukansu sun kai har hoton ƙarshe. Ya yi zanen gwaji kimanin 45, yana maimaita kan dokin da ke kururuwa da uwar da ke riƙe da gawar ɗanta, yana neman siffar da za ta ɗauki zafin abin. Abokiyarsa Dora Maar, mai ɗaukar hoto, ta riƙa ɗaukar hoton aikin mataki-mataki, shi ya sa muka san cewa da farko akwai hannu a tsakiyar hoton, a ɗage sama, an dunƙule shi, alamar turjiya irin ta 'yan siyasa. Daga baya ya cire shi. Ya gwada launuka a wasu takardun, har ya liƙa takardu masu launi a jikin ƙyallen ya duba, sannan ya ɓamɓare su ya tsaya a kan baƙi da fari da ruwan toka. A ganina cire hannun nan shi ne hukunci mafi girma da ya yanke, domin da ya bar shi da hoton ya zama fostar jam'iyya guda a yaƙi guda, amma da ya cire shi sai ya zama kukan duk garin da aka yi wa ruwan wuta. Hoton yana gidan tarihi na Reina Sofía a Madrid, kuma ba a wulaƙanta takardun gwajin ba, an adana su ana nuna wa jama'a.

Idan muka koma baya shekara ɗari biyar, masu zanen bango a Italiya ba su ma da zaɓi, dole ne su yi gwaji, domin a kan ɗanyen shafen farar ƙasa suke sa launi, kuma da zarar ya bushe launin ya kama ke nan, sai dai a farfasa a sake shafe. Saboda haka sukan fara da ƙananan zane, su tsayar da mutum a gabansu su zana kowace gaɓa, sannan su haɗa takardu da yawa su zana hoton daidai girman bangon, su bi layukan da tsinin allura suna hudawa, su ɗora a bango su bubbuga ƙullin garin gawayi a kan hudojin, sai siffar ta fito ɗigo-ɗigo a jikin shafen. Babbar takardar da Raphael ya yi wa hotonsa na taron masana falsafa, wanda ya zana a fadar Batikan tsakanin 1509 da 1511, tana nan a ɗakin karatu na Ambrosiana a birnin Milan, faɗinta kusan mita 8. A hoton nan ne Ibn Rushd, masanin falsafa na Andalus, yake da rawaninsa yana leƙen littafin wani masani. Wanda ya gwama takardar da bangon zai ga cewa mutumin da ke zaune a gaba ya yi tagumi a jikin dutse babu shi a takardar, daga baya aka ƙara shi, wanda ke nuna cewa ko bayan an gama shiri mai zane bai daina dubawa da gyarawa ba. Michelangelo kuwa, a wata takarda da ke gidan tarihi na Metropolitan a New York, wadda ya yi da jan alli lokacin da yake shirin zanen rufin ɗakin ibada na Sistine da ke Batikan tsakanin 1508 da 1512, ya zana babban yatsan ƙafa shi kaɗai har sau uku, saboda siffar da yake shiryawa ta juya jiki tana ɗaga babban littafi, nauyinta kuma a kan yatsun ƙafa yake sauka. Da na tsinci takardar yaron nan mai ludayi, wannan takarda ce ta faɗo mini a rai, domin hanyar guda ce.

Gaskiya ne, kuma ba zan ɓoye ba, cewa shi kansa Michelangelo, kamar yadda Giorgio Vasari, marubucin tarihin masu zane na zamaninsa, ya ruwaito, ya ƙona da yawa daga cikin takardunsa gabanin rasuwarsa a 1564, don kada a ga irin wahalar da ya sha kafin aikinsa ya kai inda ya kai. Wani zai iya cewa ke nan malamin da ya sa a zubar da takardun yara yana da magabaci. Amsata ita ce, gwani ya ƙona nasa bayan ya gama cin moriyarsu, da hannunsa da kuma zaɓinsa, kuma duk da haka masana har yau suna juyayin wannan asara. Yaro mai koyo kuwa, idan aka ce masa takardar gwajinsa ƙazanta ce, abin da zai ɗauka shi ne gwajin kansa abin kunya ne, gwani shi ne wanda ya zana sau ɗaya ya dace. Daga ranar zai fara tsoron fensir, ya koma kwafa, tunda mai kwafa ba ya kuskuren da za a gani.

Kada kuma a ɗauka wannan al'ada ce ta Turawa da aka shigo mana da ita, ko kuma ta shafi masu zana mutane da dabbobi kaɗai, waɗanda na san akwai masu ƙauracewa aikinsu saboda dalilin addini, kuma ina girmama hakan. A unguwar da na tashi akwai wani dattijo da masu ɗinkin babbar riga suke kai wa ƙyalle kafin allura ta taɓa shi. Yakan shimfiɗa ƙyallen a kan tabarma, ya tsoma alƙalamin kara a tawada, ya fitar da aska takwas ko aska biyu da sauran adon aljihu, masu ɗinki kuma su bi layinsa da zare har wata da watanni. Idan sabon fasali ne, sai ya fara gwada shi a kan takardar buhun siminti, ya ɗaga ya duba daga nesa, ya gyara bakin askar, kafin ya yarda ya sa wa ƙyallen mutane tawada. Mai zanen hula haka yake yi, mai zayyanar allo yakan auna ya ja layukansa kafin ya cika da launi, maginin gargajiya yakan fitar da adon bango da yatsa a kan ɗanyen yaɓe ya ja da baya ya duba kafin ya tayar da shi. Babu ɗayansu da yake ganin wannan mataki ɓata lokaci ne. A fagen zanen zamani ma, ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, sun nemi haɗa abin da suka koya a aji da fasahar gargajiyar ƙasarsu, kuma shi Okeke da alƙalami da tawada a kan takarda ya yi ta gwada layukan uli, wato zanen adon jiki da bango na ƙasar Ibo, har suka zama salonsa.

A aikin zanen littattafai, inda na fi daɗewa, matakan a bayyane suke. Idan marubuciya ta kawo mini labari tana son bango, nakan karanta, sannan in zana 'yan ƙananan akwatuna da ba su fi kwalin ashana girma ba, goma ko fiye, a cikin kowanne ina gwada inda mutum zai tsaya, da inda sunan littafi zai zauna, da inda haske zai fito. A wannan ƙanƙantar ba a ganin ido ko hanci, sai tsari kawai, kuma tsarin da bai yi kyau a girman kwalin ashana ba, ba zai gyaru don an faɗaɗa shi an zuba masa launi ba. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Daga nan in zaɓi biyu ko uku in faɗaɗa su, in nemi wanda zai tsaya mini in duba yadda mayafi yake zuba daga kafaɗa, ko yadda tulu yake zama a kan gammo, in kai wa mai littafin ta zaɓa. A nan ne ake yin gardamar da ya kamata a yi, tun gyara bai wuce goge fensir ba. Matsalar da muke fuskanta yanzu ita ce mai ba da aiki yakan zo da yamma ya ce gobe da safe yake so, idan ka nuna masa zanen gwaji ya ce ba wannan ya biya ba, idan kuma ka tsallake matakin ka kai masa aiki a kammale ya ce a juya fuskar matar ta kalli dama, abin da zai sa a sake komai daga tushe. Wannan gaggawa ce ta sa bangon littattafai da allunan shaguna da yawa suka koma kama ɗaya, fuskokin da aka tsinto a intanet aka ɗora musu ɗankwali.

Ba ni da faɗa da kwamfuta. Matasa da yawa yanzu a kan allon kwamfuta suke zane, kuma na ga masu hazaƙa a cikinsu suna bin matakan nan daki-daki, suna ajiye kowane gwaji daban. Damuwata tana ga wanda na'ura ta ba shi damar tsallake kallo. John Constable, mai zanen karkara na Ingila, ya shafe lokaci a 1821 da 1822 yana fita yana zana gajimare kawai, yana rubuta kwanan wata da sa'a da inda iska ta fito a bayan takardar, domin idan ya zo zana sama a babban hoto ya zana wadda ya sani. Yaron da bai taɓa zama ya zana hadarin gabas yana haɗuwa ba, ko yadda ƙurar hunturu take dusashe bishiyar kuka daga nesa, zai kwaso saman wata ƙasa ya ɗora a kan garinsu bai ma lura ba.

Saboda haka, Malam Edita, ina roƙon malaman zane da shugabannin makarantu da su tanadar wa kowane ɗalibi littafin gwaji nasa na kansa, ko da takardun da aka yi amfani da fuska ɗaya ne aka ɗinke da zare, a hana yage shafi daga cikinsa, a riƙa sa kwanan wata a kowane zane, kuma a ware wani kaso na makin jarrabawa a ɗora a kan wannan littafi, yadda yaro zai san cewa hannun da ya zana sau bakwai an ƙirga masa shi. A ranar baje koli a liƙa takardun gwaji a gefen kowane hoto, iyaye su ga hanyar da 'ya'yansu suka bi. Masu ba da aikin zane, ko marubuta ne ko masu shaguna ko hukumomi, su sa zanen gwaji cikin yarjejeniya, su ba shi kwanakinsa da kuɗinsa, su kuma faɗi duk gyaran da suke so tun yana matakin fensir. Su kuma dattawan masu zane da masu fitar da adon riga da hula, waɗanda akwatunansu suke cike da irin waɗannan takardu, ina kira ga iyalansu da gidajen tarihinmu da sassan koyar da zane na jami'o'i da su nemi adana su tun gara da ɗigar ruwan damina ba su riga mu ba. Dattijon unguwarmu ya rasu shekaru da dama da suka wuce, kuma da na je neman takardun buhun simintinsa aka ce mini tuni an hura wuta da su.

Takardar yaron nan mai ludayi tana wurina, na goge mata ƙasa na sa ta a cikin firam, kuma na yi masa alkawarin zan mayar masa da ita ranar da ya cika littafin gwajin da na saya masa.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridar nan albarka.

Wassalam.

Naka,
Wani tsohon malamin zane-zane,
Zariya.